Yadda Ake Karanta Labarin Tasowar Matashi a Adabin Ingila

Ɗalibin adabi a Jos, na sakandare ne ko na jami'a, da wuya ya tsallake littafin da ke bin yaro ɗan Ingila tun yana ƙarami har ya zama mutum. Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne wajen mudun awo. A wurinmu, in an ce yaro ya girma, aure ake dubawa, ko ya fara kawo cefane gida. A waɗannan littattafai kuwa shekaru ake ƙirgawa, da kuɗi, da irin gidan da mutum ya fito.

Fara da tabbatar da cewa cikakken littafi ka saya. Masu baza tsofaffin littattafai a wajen Taminus suna da taƙaitattun da aka yi wa yara, kuma bangon bai cika faɗa ba. Ƙirga babi. Great Expectations na Charles Dickens, wanda ya fito a 1861, babi 59 ne. Jane Eyre na Charlotte Brontë, na 1847, babi 38 ne. Babi biyu a rana, wata guda ya ishe ka na farkon.

Sai ka sami faifan takarda ka raba shi gida huɗu: lambar babi, shekarun jarumi, inda yake kwana, da kuɗin da ya shiga hannunsa tare da sunan wanda ya ba shi. Kada ka bari sai ƙarshe. Cike shi kana gama babi.

Gidan shekaru yana da dalili. Kafin 1970, sai mutum ya cika 21 doka take ɗaukarsa baligi a Ingila. Shi ya sa ranar da Pip, jarumin Great Expectations, ya cika 21 ne lauya Jaggers ya miƙa masa fam 500, ya ce abin da zai riƙa samu ke nan duk shekara. Jane kuwa tana da shekara 10 aka kai ta makarantar kwana ta Lowood, ta bar ta tana da 18.

Gidan kuɗi ne ya fi bayar da amsa, kuma a nan Bahaushe yana da sa'a, domin kakanninmu sun kashe irin kuɗin kafin naira ta zo a 1973. Kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya, gini kuma sule 21. Kada ka ɓata lokaci kana juya su zuwa naira, lissafin ba zai fito ba. Gwada kuɗi da kuɗi a cikin littafin. Albashin Jane na koyar da yarinya a gidan Rochester, mai gidan da ta kamu da son sa sannan ta bar shi, fam 30 ne a shekara. Gadon da kawunta ya bar mata fam 20,000 ne. Raba ka gani: albashin sama da shekara 600. Daga nan za ka gane me ya sa ta koma wa Rochester da kanta a ɗage. Haka gini 25 da Miss Havisham, attajirar da Pip ke zuwa gidanta yana yaro, ta biya don a ɗaura shi koyon ƙira wurin Joe, maƙeri mijin yayarsa: sallama ce, ba kyauta ba.

Batun asali kuwa a baki da hannu yake ɓoye. In ka ga an rubuta maganar Joe a karkace, ba kuskuren ɗab'i ba ne, harshen talakan ƙauye ne aka kwaikwaya. Estella, yarinyar da Miss Havisham ke riƙo, ta raina kaushin hannun Pip da kaurin takalminsa, tun daga ranar ya fara jin kunyar maƙera. Wanda ya taɓa ganin ɗan boko yana noƙewa idan tsohonsa ya kawo masa ziyara makaranta da buhun gari a ka, ya riga ya fahimci rabin littafin.

Akwai tarko ɗaya da ke kama har malamai. Abin da Turawan Ingila ke kira public school ba makarantar gwamnati ba ce. Makarantar 'ya'yan masu hali ce mai tsadar gaske, irin su Eton da Rugby. Ga littattafan bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuma, riƙe wannan: bayan dokar ilimi ta 1944, jarrabawar da yaro ke yi yana ɗan shekara 11 ce ke raba hanya, wato irin sakandaren da zai shiga, kuma har zuwa 1972 ana iya barin makaranta a shekara 15. Billy Casper na A Kestrel for a Knave, wanda Barry Hines ya fitar a 1968, yana dab da barin makaranta, ramin haƙar gawayi na jiransa. Mutumin Bukuru da ya san tarihin haƙar kuza ba ya buƙatar dogon bayani.

Ɗauki fensir kuma don muryar mai ba da labari. Pip biyu ne: yaron da abin ya faru da shi, da dattijon da ke tunawa yana zargin kansa. Ja layi ƙarƙashin duk inda babban ya sa baki. Ɗalibai da yawa suna rasa maki saboda sun jingina wa yaro ɗan shekara bakwai hikimar da sai da ya sha wuya ya same ta.

A zauren jarrabawa, kada ka sake zuba labarin daga farko; mai duba takarda ya san shi. Zaɓi wurare uku daga takardarka inda wurin kwana ko tushen kuɗi ya canja, ka nuna abin da jarumin ya rasa a kowanne. Kafin nan, leƙa shafukan ƙarshe na kwafinka. Dickens ya rubuta wa Great Expectations ƙarshe biyu, ya sauya na farkon bisa shawarar abokinsa Bulwer-Lytton, kuma wasu bugu suna kawo duka biyun. Faɗi wanda kake magana a kai tun a layin farko.