Yadda Ake Tsara Bangon Mujallar Makaranta Har Ya Fito Daga Maɗaba'a Lafiya

Idan aka ɗora maka aikin tsara bangon mujallar makarantarku saboda kana karanta aikin jarida, kada ka fara da kunna kwamfuta. Ka nemi babban edita ya ba ka duk abin da zai shiga cikin mujallar, ka zauna ka karanta tas. Abin da kake nema shi ne labari ɗaya da ya fi sauran nauyi, wanda ɗalibi zai gani ya ce a miƙo masa. Wataƙila rijiyar burtsatsen ɗakin kwanan ɗalibai ce da aka gyara bayan doguwar wahala, ko ɗalibar da ta ciyo gasar muhawara, ko 'yan ajin ƙarshe da ke bankwana. Bango magana ɗaya yake yi, kuma daga wannan labarin za ta fito.

A nan ne za ka gamu da babbar jarrabawar aikin. Za a kawo maka hoton shugaban makaranta, da na mataimakansa, da na shugaban sashe, da na uban ƙungiya, wani lokaci har da na babban baƙon da ya ba da gudummawa, a ce duk a sa su a gaba. Idan ka bi haka, abin da zai fito kalanda ce irin ta bangon shago. Ni a ganina wannan ne ya fi komai kashe mujallun makarantunmu. Ba na cewa ka yi wa manya gardama. Ka je da ladabi, ka ce: "Ranka ya daɗe, na ware muku cikin bangon gaba da shafi na uku, kowa da hotonsa babba da sunansa da muƙaminsa." Ka buga samfuri biyu ka ajiye musu a kan tebur, ɗaya mai hoto guda, ɗaya mai cunkoso. Yawanci idan ido ya gani, magana ba ta yin tsawo.

Kafin ka taɓa linzamin kwamfuta, ɗauki fensir da farar takarda ka zana ƙananan akwatuna, ka gwada inda suna zai zauna, inda fuska za ta kasance, inda kanun labarai za su bi. Sannan ka taka zuwa maɗaba'ar da za ta yi aikin, ka tambaye su girman da za su buga, irin takardar, da irin fayil ɗin da suke karɓa. Masu ɗab'i da yawa a wajenmu da manhajar zane ta CorelDRAW suke aiki, wasu kuma PDF kawai suke so. Sanin wannan tun farko zai hutar da kai sake aiki daren da za a buga.

Mujallun makaranta galibi girman A4 ne, wato milimita 210 a faɗi, 297 a tsawo. Amma ka ƙara milimita 3 a kowane gefe, hotonka da launin bayansa su malala har can. Masu ɗab'i na kiran wannan rarar bilid. Dalilinta shi ne wuƙar yankan takarda ba ta faɗawa daidai kan layi kullum, idan babu rarar sai ka ga farin zare a bakin bango. Shafinka ya zama 216 da 303 ke nan. Rubutu kuwa ka janye shi ciki da aƙalla milimita 5 daga layin yanka. Idan da waya za a ɗinke mujallar a tsakiya, bangon gaba da na baya takarda ɗaya ce mai girman A3: na baya a hagu, na gaba a dama. Mujallar Islamiyya da aka rubuta da Larabci ko ajami akasin haka take, ka kula.

Sai hoto, wanda shi ne rabin aikin. Ka ɗauka da kanka ko ka sa abokin karatunka mai hannu ya ɗauka. Hoton da aka kwaso daga intanet, na wasu yara a wata ƙasa, ba ya cewa komai game da makarantarku, ga kuma haƙƙin mai shi. A ɗauka a tsaye, a bar fili saman kai domin sunan mujalla, a bar wani a gefe ɗaya domin kanun labarai. Hasken hantsi da na bayan la'asar sun fi dacewa da fatarmu. Ranar tsaka tana zuba inuwa a ƙarƙashin ido, ta sa mutum ya yamutsa fuska. Idan dole sai da rana, a shiga inuwar bishiya ko baranda, fuska na kallon wajen da haske yake. Idon wanda aka ɗauka ya dubi kyamara, domin shi ne ke tsayar da mai wucewa. Ka kuma duba abin da ke bayansa: bokiti, shanya, ko turken lantarki da ya fito kamar daga kansa.

Don ya fito tsaf a takarda, hoto na bukatar ɗigo 300 a kowane inci. A girman A4 wannan ya kama fiksil 2480 da 3508. Wayoyi da yawa na yanzu suna iya ba da haka, matsalar wajen turawa take. Idan aka turo maka hoto ta WhatsApp yadda aka saba, manhajar tana matse shi, a waya ya yi kyau, a takarda ya farfashe. Ka ce a turo shi a matsayin fayil, ko a kawo a filashi.

Kada ka sa fuskar kowa a bango sai da yardarsa. Idan yaro ne ko yarinya 'yar sakandare, a nemi izinin iyaye ta hannun hukumar makaranta, kuma a rubuce. Akwai gidajen da ba sa son hoton 'yarsu ya shiga hannun jama'a, wannan kuma haƙƙinsu ne. Mujalla tana yawo inda ba ka zata ba.

Sunan mujalla ya zauna a sama, da manyan haruffa, a iya karanta shi daga nesa. Idan fitowar baya tana da salon suna mai kyau, ka riƙe shi, kada ka sauya don kawai a san ka zo. Mujallar Time tana da jan layi a kewayen bangonta tun 1927, National Geographic kuma ruwan ɗorawa, da su ake gane su tun kafin a karanta suna. Tambarin makaranta ya isa a ƙarami a kusurwa, kusa da lambar fitowa da wata da shekara.

Salon haruffa biyu sun wadatar, ɗaya na suna da babban kan labari, ɗaya na ƙanana. Babban kan labari ya zama gajere, kalma uku zuwa shida, kuma ya yi magana da hoton. "Ruwa Ya Dawo Hostel" ya fi "Ci Gaban Da Aka Samu A Makarantarmu" jan hankali nesa ba kusa ba, don ya faɗi abin da ya faru. Ƙananan kanu uku ko huɗu sun isa, a jere su gefe ɗaya, kada ko ɗaya ya hau fuska.

Idan da Hausa mujallar take, ga inda nake roƙonka ka tsaya tsayin daka: ƙ da ɗ da ɓ. Salon haruffa masu ado da yawa ba su da su, sai kwamfuta ta aro daga wani salon, harafin ya fito daban da 'yan'uwansa, ko ta sa akwati a wurinsa. Daga nan sai wasu su ce a cire lanƙwasar a huta, "ƙasa" ta koma "kasa" a bangon mujallar masu koyon aikin jarida. Ka gwada tun farko, ka rubuta Ƙ ƙ Ɗ ɗ Ɓ ɓ a salon da ka zaɓa. Noto Sans da Charis SIL da Andika duk suna da su, kuma kyauta ne. Kafin ka kai aiki maɗaba'a, ka ajiye kwafi ɗaya da za a iya gyarawa, sannan ka mayar da rubutun ɗayan zane, a CorelDRAW da Ctrl+Q ake yi, yadda kwamfutarsu ba za ta musanya maka haruffa ba.

Launi biyu ko uku, ka tsamo su daga cikin hoton ko daga kayan makaranta. Allon kwamfuta da haske yake haɗa launi, tsarin RGB, injin ɗab'i kuma da tawada huɗu, tsarin CMYK. Ka mayar da aikinka CMYK da wuri ka ga gaskiyarsa, domin shuɗi mai ƙyalli da kore shar suna dusashewa, wani shuɗin ma ya karkata zuwa shunayya. Fuska kan fito da duhu a takarda fiye da yadda take a allo, don haka ka ɗan buɗe hasken inuwarta, amma kada ka sauya wa mutum launin fatarsa. Ƙananan baƙaƙen rubutu a yi su da baƙar tawada zalla.

Idan ka ga kamar ka gama, ka rage bangon ya koma kamar girman akwatin ashana a allon waya, tunda da yawa a nan za su fara ganinsa. Suna da babban kan labari suna karantuwa? Sai ka buga a takarda, ka manna a bango, ka ja baya taku biyar. Ka kira wanda bai san aikin ba ya kalla, ka tambaye shi me mujallar ke magana a kai. Ka ba mutum biyu su duba rubutu harafi-harafi, musamman sunayen mutane da shekara.

A maɗaba'a ka nemi kati mai kauri, mai nauyin giram 250 zuwa 300 a kowane murabba'in mita, da laminashin, don bangon ya jure hannu da jaka. Kada ka yarda a saki inji sai an fitar maka da kwafi ɗaya na gwaji a kan ainihin takardar. Ka fita da shi hasken rana ka duba fuska, da lanƙwasar haruffa, da bakin yanka. Ka kai wa malamin da ke kula da mujallar ya sa hannu a bayansa, sannan a buga sauran.