Inda Hausa ke leƙowa a Turancinmu: kurakuran da aka fi yi da gyaransu

Kalmomi uku ne suka fi kayar da Bahaushe a Turanci: sha, ji da ci. Kowace ɗaya aiki goma take yi a Hausa, sai mai koyo ya haddace mata fassara guda ya riƙa kai ta ko'ina. Mu muna shan ruwa, mu sha magani, mu sha taba, mu sha mangwaro. Bature kuwa ruwa kaɗai ya yarda a ce masa "drink". Magani "take" ake yi, ko ƙwaya ce ko na ruwa, taba "smoke", mangwaro da lemon ɓawo "eat". Haka "ji": kunne ne kawai ke "hear". Ƙamshi da wari "smell", zafi da sanyi "feel", yunwa kuwa "I am hungry". Wanda ya tambayi baƙo "Do you hear English?" lafiyar kunnensa ya tambaya, "understand" ko "speak" yake nufi. "Ci" ma ta rabu: jarrabawa "pass", wasa "win", amana "betray".

Gyaran yana wajen rubutu a littafi. Kada a rubuta kalma ita kaɗai, a rubuta ta da abokiyar tafiyarta: "take medicine", "make a mistake", "pay attention". Guda biyar a rana, kowace da jimla ɗaya daga rayuwarka, sun fi kalmomi hamsin tsirara.

Sai batun aro. "Borrow me your pen" fassarar "ara mini" ce kai tsaye. Mai bayarwa shi ke "lend", mai karɓa shi ke "borrow". Don haka ko dai "Lend me your pen" ko "Can I borrow your pen?"

"Ina zuwa" ma tana rikita baƙi. Ka ce "I'm coming" kana ficewa daga ɗaki, Bature zai bi ka da kallo, don a wurinsa wajensa ka nufo. "I'll be right back" ake cewa. "Well done" kuma yabo ne bayan an gama aiki da kyau, ba ta tsaya a madadin "sannu da aiki" ba.

Salon maganarsu kuwa tarko biyu gare shi. Na farko ɗaukar sa a zahiri: "break a leg" fatan alheri ne ga mai hawa dandamali, "pull someone's leg" kuma zolaya ce, babu ƙafar da aka taɓa. Na biyu canza masa kalma. Kamar yadda ba a cewa "ruwa kamar da bakin tukunya", haka ba a juya "raining cats and dogs" a sa karnuka gaba. Ita ma wannan ta tsufa, an fi jin "it's pouring". A kuma lura da muhalli: "kick the bucket" mutuwa take nufi, amma cikin raha, kamar "ya sheƙa barzahu". A takardar ta'aziyya "passed away" ake sawa.

Masu koyo da labarai suna tuntuɓe a kanun labari. Fi'ilin yanzu a can abin da ya riga ya faru yake nufi: "Cat boards train" wato kyanwa ta shiga jirgin ƙasa, an gama. "To" gaban fi'ili kuma na nan gaba ne. Labaran nishaɗi sun fi wasa da kalma mai ma'ana biyu, don haka a karanta sakin layi na farko kafin a koma kan taken. Mai farawa ya nemi shirin Muryar Amurka na masu koyo, wanda ya samo asali a 1959 da kalmomi kusan 1,500 ana karantawa a hankali, ko 6 Minute English na BBC. A saurara sau ɗaya ba rubutu, sau ɗaya da rubutun a gaba, sannan a maimaita da murya, musamman "pull" da "full", inda p da f ke haɗe mana.