Yadda malamin firamare zai ci gaba a aikinsa ko da ƙauye aka tura shi

Duk lokacin da aka ɗebi sababbin malamai a Jigawa, da yawansu ƙauye ake turawa, domin can ne ake da ƙarancin malamai. Matashi ya gama NCE a kwalejin ilimi ta Gumel ko ta Bichi, ya karɓi takardar kama aiki, ya ga sunan wani gari can bayan Guri ko Birniwa da bai taɓa jin labarinsa ba, sai jikinsa ya yi sanyi. Tun daga ranar ba shi da aiki sai neman wanda zai yi masa hanya a mayar da shi cikin gari. Na daɗe ina kallon irin waɗannan matasa suna shigowa, kuma waɗanda na ga sun tsaya cik a wuri ɗaya shekara da shekaru, kusan dukkansu sakaci da takarda ne ya tsayar da su, musamman takardar izinin ƙaro karatu. A kanta zan fi daɗewa. Yadda ake rubuta shirin darasi da cike rajista kuwa an koya maka a kwaleji, ba zan maimaita ba. Malamai mata ma da su nake, ko da za a ji ina ta cewa kai.

Mataki na farko: fayil ɗinka

Kana da fayil a ofishin ilimi na ƙaramar hukuma, akwai kuma bayananka a SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, amma duk da haka ka buɗe naka na gida tun watan farko. Ka sa takardar ɗaukar aiki, da wadda hedimasta ya rubuta cewa ka kama aiki ranar kaza, da takardar haihuwa ko ta rantsuwar shekaru, da shaidar ƙaramar hukumarka, da sakamakon firamare da sakandare, da ta NCE.

Kafin ka adana su, ka baje su a tabarma ka duba suna da ranar haihuwa, ɗaya bayan ɗaya. A nan ne mutum yake tarar da cewa shi Muhammad ne a takardar firamare, Mohammed a ta sakandare, Mamman a banki, shekarar haihuwarsa a NIN daban, a BVN daban. Wannan ba ya damun kowa sai ranar da aka zo tantance ma'aikata, ranar kuwa babu mai sauraron bayani. Ka je kotu ka yi rantsuwa, ka je ofishin NIMC, masu ba da lambar NIN, a daidaita tun kana sabo. Kuɗin da za ka kashe bai kai asarar albashin wata ɗaya da aka riƙe ba.

Sai wurin ajiya. Gara tana cin takarda a ɗakin ƙasa ba tare da ka sani ba, mutanen Auyo da Miga da Ringim kuma sun san abin da ruwa yake yi a watan Agusta da Satumba. Ka sa takardun a leda mai kauri, ledar a akwatin ƙarfe, akwatin a kan wani abu mai tudu. Ka ɗauki hoton kowace a waya ka tura wa kanka ta imel. Takardar asali kuma kada ka kai a liƙe ta da roba, domin wata rana za a so a buga mata hatimi a baya.

Idan ka cika shekara 2, ka nemi takardar tabbatarwa a aiki. Mutane suna mantawa da ita saboda ba ta ƙara ko kwabo a albashi, alhali duk abin da za ka nema nan gaba sai an tambaye ta.

Mataki na biyu: ka kwana a garin

Ni a wurina wannan doka ce. Malamin da yake tasowa daga Hadejia ko Dutse kullum a kan babur, ya iso ƙarfe tara ya juya sha biyu, rabin albashinsa ya tafi a mai, yaran ba su san shi ba, iyayensu ma haka. Ka nemi ɗaki, ko da shago ne a ƙofar gidan mai unguwa, ka zauna Litinin zuwa Juma'a. Makon farko ka roƙi hedimasta ya raka ka gaida dagaci da liman da shugaban kwamitin makaranta. Ka yi salla a masallacinsu, ka je gaisuwar mutuwa, ka je suna. Malama kuma ta shiga gidaje ta san iyaye mata, domin su ne suke yanke ko yarinya za ta je makaranta yau ko za ta ɗauki farantin talla.

Amfanin wannan zai bayyana da kaka. Lokacin yankan riɗi da cirar zoɓo da roron gyaɗa ajinka zai rage, haka ma ranar kasuwa: na kusa da Maigatari sun san Alhamis, na kusa da Gujungu sun san Lahadi da gajiyar da take bari ranar Litinin. Baƙon malami sai dai ya cika rajista da jan biro. Wanda ya zama ɗan gari zai zauna da uban yaro bayan magariba ya ce, "Baba, a bar mini shi zuwa azahar, in ya so da yamma ya bi ku gona." Sau da yawa ana bari.

Mataki na uku: ka karɓi ƙaramin aji

Sababbin malamai suna gudun aji ɗaya da aji biyu, suna ganin aji shida ne na masu ilimi. Ka karɓi aji ɗaya. Nan ne aikinka zai fito fili kowa ya gani, domin yaron da ya zo bai san baƙi ba, ya ƙare shekara yana karanta Hausa, uwarsa ma za ta ba da labari a bakin rijiya.

Abin da za ka yi ba shi da wahala. Makon farko na zango ka kira yaran ɗaya-ɗaya zuwa tebur ɗinka, ka nuna wa kowa baƙaƙe goma, sai gaɓoɓi irin su ba, ki, mu, sai kalmomi biyar masu sauƙi. Ka rubuta sunan kowa a littafi mai kauri da abin da ya iya. Ƙarshen zango ka sake. Kada ka yarda da amshin da suke yi maka baki ɗaya idan ka nuna allo, domin a cikin yara sittin, goma ne suke karantawa, sauran muryar goman suke bi. Littafin nan ka riƙe shi da kyau. Ranar da mai duba makarantu ya zo, wasu za su yi ta bayani da baki, kai kuwa ka buɗe masa shafi. Idan aka tashi zaɓen waɗanda za a tura bita, irin wannan malamin ake tunawa.

Mataki na huɗu: ƙaro karatu

NCE ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa a Najeriya. Da ita ake farawa a matakin albashi na 07, mai digiri kuma a 08, sannan mai NCE yana da inda yake tsayawa, mai digiri ya wuce shi. Saboda haka kowa yana son digiri, kuma daidai ne. Yadda ake zuwa nemansa ne yake kayar da mutane.

Ga yadda abin yake faruwa. Malami ya sayi fom a ɓoye, ya samu gurbi, ya zo wurin hedimasta da dare ya ce, "Ranka ya daɗe, na samu makaranta." Hedimasta mutumin kirki ne, ya ce, "Alhamdulillahi, ka je, za mu riƙe maka ajin." Babu takarda ko ɗaya. Shekara ta farko lafiya lau. A ta biyu aka canja wa hedimasta wurin aiki, sabon da ya zo ya buɗe littafin sa hannu ya ga suna babu mutum. Ko kuma masu tantancewa su dira ranar Laraba shi yana ɗakin jarrabawa. Na ga wanda aka tsayar wa albashi ta wannan hanya yana tsakiyar karatu, ga mata ga yara, ya rasa na rajista ya rasa na cefane, ƙarshe karatun ya bari. Na ga kuma wanda ya lallaɓa ya gama, ya kawo digiri da murna, aka buɗe fayil ɗinsa aka ce, "Malam, ina izinin? Mu a wurinmu shekarun nan kana aji." Digirin yana nan a akwati, matakinsa bai motsa ba.

To ga yadda ake yi. Da farko ka tabbata takardar tabbatarwarka ta fito, domin ba a ba wanda yake cikin shekarun gwaji hutun karatu. Sannan tun kafin ka sayi fom ka je ofishin ilimi ka tambayi jami'in da yake kula da ma'aikata ƙa'idar da ake bi a wannan shekarar, domin tana canjawa, kuma abin da abokinka ya yi shekara biyar da suka wuce ba lallai ya yi maka ba. Ka tambaye shi kwas ɗin da za a amince da shi. Wannan muhimmi ne ƙwarai. Malamin firamare ya tafi ya karanto harkar mulki ko kasuwanci don shi ne gurbin da ya samu cikin sauƙi, ya dawo a ce ba shi da alaƙa da aikinsa. Ka nemi digirin ilimi a darasin da ka yi a NCE. Da NCE mai kyau ana shiga jami'a kai tsaye a aji biyu ta fom ɗin JAMB, ka rage shekara guda.

Da takardar gurbi ta fito, ka rubuta neman izini a ranar. Wasiƙar ta bi ta hannun hedimasta zuwa sakataren ilimi, daga nan ta wuce gaba. Ka faɗi sunanka yadda yake a fayil, da lambar fayil, da makarantar da kake koyarwa, da ranar da ka kama aiki, da kwas ɗin, da shekarun da zai ɗauka, da ko na cikakken lokaci ne ko na ƙarshen mako. Ka maƙala kwafin gurbin da na tabbatarwa. Hedimasta ya rubuta amincewarsa a jikinta, ya sa hannu da kwanan wata da hatimi. Ka tafi da kwafi biyu da ƙafarka, kada ka ba ɗan saƙo. Akawun da ya karɓa ya buga maka hatimin karɓa a kwafinka, ya rubuta kwanan wata. In ya ce ka ajiye kawai za a duba, ka yi murmushi ka ce, "Yallaɓai, a taimaka a buga mini a nan." Kada ka fita ba tare da shi ba. Bayan mako biyu ka koma ka gaishe su ka tambaya, bayan wasu biyun ka sake komawa. Takardar da mai ita ba ya bibiya ƙasan tari take komawa.

Kuma kada ka bar aji sai amsa ta zo a rubuce. Idan lokacin rajista zai wuce kafin ta fito, ka rubuta wa jami'ar ka nemi a ɗage maka gurbin zuwa baɗi. Na san shekara guda tana da ciwo ga matashi, amma gara ita da shekarun karatun da za a ce ba a san da su ba. In an ba ka hutun da albashi, za a sa ka sa hannu a yarjejeniyar cewa za ka dawo ka yi aiki na wasu shekaru. Ka karanta kafin ka sa, kwafinta kuma ya shiga akwatin ƙarfe.

Ni dai na fi son karatun da ba zai raba ka da aji ba. Cibiyar malamai ta ƙasa, NTI, mai hedikwata a Kaduna, don malaman da suke bakin aiki aka kafa ta a 1976, kuma a ƙarshen mako da lokacin hutu ake karatunta. Akwai jami'ar karatu daga gida, NOUN, mai cibiya a Dutse da Kano. Wanda yake son zama a aji sosai, ga Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa, ga Bayero a Kano. Ko na ƙarshen mako za ka yi, izinin nan dai sai ka nema, domin ranar jarrabawa ba ta duba Asabar.

Maganar kuɗi: ka guji bashin da ake zarewa daga albashi kafin ya shigo hannunka. Ku haɗa adashi ku malamai biyar ko shida, ka roƙa a sa ɗaukarka ta faɗo a watan rajista. In kana da gona a garin, buhun riɗi biyu da ka ɓoye zuwa bazara zai ɗauke maka wani abu.

Sauran matakan

Ka yi rajista da hukumar rajistar malamai ta ƙasa, TRCN. A kwamfuta ake jarrabawarta, don haka in hannunka bai saba ba ka je shagon kwamfuta a hedikwatar ƙaramar hukuma ka biya na awa biyu ko uku kafin ranar. Mai digirin da ba na koyarwa ba sai ya yi PGDE tukuna, wato difilomar koyarwa ta bayan digiri.

Ƙarin girma a mataki na 07 da na kusa da shi bayan shekara 3 ake duba shi a ƙa'ida. Ka rubuta shekarar da kake sa rai a bangon fayil ɗinka, ka cike fom ɗin auna aiki na kowace shekara a kan lokaci, hedimasta ya sa hannu kana tsaye. Duk bitar da aka tura ka, ka je don abin da za a koyar, ka karɓo takardar halarta, ka dawo ka koya wa sauran malamai a ranar Alhamis bayan an tashi yara.

Idan ka gama digiri, ka karɓo takardar NYSC ta waɗanda aka ɗauke wa hidimar ƙasa in kana cikinsu, ka haɗa da sakamakon da kwafin izinin nan, ka rubuta neman a daidaita maka mataki. Ita ma kwafi biyu, ta hannun hedimasta, a buga maka hatimin karɓa.