Kurakuran da masu Hilux suke yi wajen ɗaga gaban mota da canza taya da rim

Abun nan ya daɗe yana damuna shi yasa nace bari in zauna in rubuta. A 'yan shekarun nan 'yan uwa masu Hilux da Ranger da L200 sun shiga yayin ɗaga gaban mota da saka manyan tayoyi, yawanci mutum bidiyo ya gani na Amurkawa da F-150 ko Silverado ɗinsu ta tsaya ƙyam kamar ingarma, shima sai yace haka yake so tasa ta koma. Ba laifi bane mutum ya so motarsa tayi kyau, amma wallahi kuɗin da ake ƙonawa a banza saboda rashin awo da rashin tambaya yana da yawa, wani ma ba kuɗin kaɗai ba harda lafiyar mutanen da yake ɗauka.

Kuskuren farko tun kafin a taɓa ko noti ɗaya ake yinsa, mutum bai tambayi kansa me yasa bayan motar yafi gaba tsayi ba. Kamfani ba mantuwa sukayi ba, da gangan suka bar bayan a ɗage saboda motar kaya ce, in ka loda mata sifirin ɗin baya ya kwanta sai ta dawo daidai. Lebelin kit aikinsa ya ɗaga gaba da inci ɗaya da rabi zuwa biyu da rabi su daidaita da baya lokacin da motar take wayam ba kaya. Toh kai da kullum kake ɗauko masara daga ƙauye ko siminti ko jarkokin ruwa fa? Ni na gani da idona a motar yayana, Hilux ce ta 2012, an ɗaga mata gaba, ranar da muka loda buhu takwas na masara sai gindinta ya zauna hancinta ya kalli sama, sitiyari yayi sakwal a hannu kamar tayoyin gaba basu kama ƙasa sosai ba, da dare yayi kuma duk motar da ta taho sai ta watsa mana fitila saboda tamu a idonsu take haskawa ba a kan titi ba. Bamu ji daɗin tafiyar nan ba ko kaɗan. In motarka ta lodi ce ka bar gaban yadda yake, in kuma dole sai ka ɗaga to ka ƙarfafa sifirin ɗin baya shima, sannan a sake saita fitila.

Kuma ka auna kafin ka saya. Ka ajiye motar a wuri mai lebur, ka ɗauki tef ka auna daga tsakiyar rim zuwa bakin madigadi, gaba da baya, hagu da dama. Bambancin da ka samu shine iyakar abunda zaka ɗaga. Wani lokacin ma in ka auna zaka tarar gaban ne ya zauna saboda sifirin da shokozoba sun gaji, kaga wannan ba sifesa (ƙarfen da ake ɗorawa akan shokozoba don ɗaga gaba) yake buƙata ba, sababbin kaya yake buƙata, in ka ɗora sifesa akan mataccen shokozoba ciwon yana nan ka rufe shi ne kawai.

Akwai wani abu da ko wasu makanikai suna faɗawa ciki, wato ɗaukar kaurin sifesa a matsayin tsayin da motar zata ƙara. Ba haka bane. Hilux daga ta 2005 zuwa yau gabanta koyil sifirin ne akan shokozoba, kuma shokozoban a tsakiyar hannun ƙasa (ƙarfen dake riƙe taya ta ƙasa) yake zaune ba a bakin taya ba, saboda haka sifesa mai kaurin inci ɗaya zai iya ɗaga motar kusan inci biyu. Sai mutum yace inci biyu nake so, aje a yanko masa ƙarfe mai kaurin inci biyu a wajen masu lesi, a ɗaura, motar ta tashi fiye da kima. Daga nan matsala ta fara, shaf ɗin gaba ya karkace yana aiki a kusurwar da ba tasa ba, robarsa ta yage giris ya zube, boljoyin na sama ya miƙe har ƙarshensa, in ka faɗa rami kaji ƙwas kamar an buga guduma. Ni dai shawarata kar ka wuce inci biyu da hannun sama na asali, in kana son fiye da haka to sai ka shirya kuɗin canza hannun saman gaba ɗaya. Tsofaffin Hilux na kafin 2005 masu fowil da yawansu toshon-ba (torsion bar, sandar ƙarfe mai aikin sifirin) ne a gabansu, ana ɗaure noti ne motar ta tashi, nan ma in aka matse da yawa motar sai ta koma tana dukan mutum kamar amalanke.

Wani kuma yana zaton in ya ɗaga gaba shikenan ƙasan motarsa ya daina taɓa ƙasa a hanyar ƙauye da damina. Ka leƙa ƙarƙashin motar ka kalli aksul ɗin baya, wannan ƙullutun na tsakiya yana nan inda yake ko da me ka ɗaga bodi, girman taya ne kaɗai yake ɗaga shi.

Toh mu zo kan tayar, don anan aka fi kashe kuɗi. Yawancin Hilux na wajenmu da 265/65R17 suke zuwa, ƙanana kuma 205R16C. A 265/65R17 lambar farko faɗin taya ne a milimita, ta biyu tsayin gefenta ne a kaso cikin ɗari na faɗin, ta ƙarshe girman rim a inci. In ka lissafa 265/65R17 tsayinta wajen milimita 776 ne, 265/70R17 wajen 803, ita kuma 285/70R17 da samari suke so wajen 831. Kaga ta ƙarshen nan tafi ta asali da kusan kashi 7 cikin ɗari, ma'ana duk gudun da agogon mota ya nuna maka ka ƙara masa kashi 7, lissafin kilomita shima ya ruɗe, lokacin juyen mai ya wuce baka sani ba. Ga nauyi, injin 2.7 mai fetur zai riƙa nishi a hawa, shan mai ya ƙaru, birki ya ƙara nisa kafin ya tsayar da ita. Sannan lebelin kit baya hana babbar taya gogar bodi, don in ka karya sitiyari har ƙarshe ko ka faɗa rami sifirin ya matse tayar tana komawa inda take zuwa da, sai kaji tana cin robar madigadi ko ƙarfen dake bayan tayar. Ga mai son ƙarin tsayi ba tare da yanke-yanke ba 265/70R17 ta wadatar, itama a gwada kafin a biya.

Sai zanen taya. M/T mai manyan haƙora ta taɓo ce, akan kwalta kuka takeyi kamar jirgi, tana saurin cinyewa ba daidai ba, kuma in anyi ruwa riƙonta akan kwalta bai kai na sauran ba. In rabin tafiyarka kwalta ce rabi burji A/T mai shiga ko'ina ce taka, in kuma daga gida sai ofis sai Kano zuwa Kaduna to H/T ta kwalta ta isheka har da ragi a shan mai.

Dan Allah a riƙa karanta gefen taya musamman in Beljiyam zaka saya. Bayan rubutun DOT akwai lambobi huɗu a ƙarshe, in kaga 3521 to sati na 35 ne na shekarar 2021 aka yita, kuma 'yan Road Safety ma shi suke dubawa. Taya tana iya zama da zane rangaɗau amma robar ta bushe ta tsattsage. In kaga hoton dutse mai kai uku da alamar ƙanƙara a ciki ka tsaya ka bincika, da yawansu na lokacin sanyin Turai ne, robarsu laushi gareta bata jure kwaltar watan Afrilu. Ka duba lambar nauyi ma, 112 tana nufin kilo 1120 kowace taya, 115 kilo 1215, kar ka sauka ƙasa da wadda kamfani suka rubuta don kawai ka samu mai arha. Kuma mota mai fowil tayoyinta huɗu su zama girma ɗaya, safaya ma haka, mutane da yawa suna canza huɗu su bar ƙaramar safaya a ƙarƙashi sai ranar da taya ta fashe a daji su tuna.

Rim kuwa, wai don huda shida gareshi ba shine zai shiga motarka ba. Hilux da Ranger da L200 duk 6x139.7 ne, wato huda shida akan da'ira mai faɗin milimita 139.7, amma F-150 ta wajen 2004 zuwa yau 6x135 ce, Navara D40 kuma 6x114.3. Ko a cikin masu 139.7 ɗin ramin tsakiya ya bambanta, na Hilux milimita 106.1, na Ranger 93.1, na L200 67.1, saboda haka rim ɗin Ranger na asali bazai zauna akan Hilux ba, kuma kar ka yarda a fafe maka shi. Ka juya bayan rim ka nemi inda aka rubuta ET, wato lambar dake nuna yadda rim zai shige ciki ko ya fito waje, na Hilux na asali wajen +30 ne, in ka sayi mai 0 ko ƙasa da haka tayar zata fito waje, tayi kyau a hoto amma tana ƙarawa boris wahala, tana watsa tsakuwa a jikin fenti, kuma tafi saurin gogar madigadi. Rim 20 da siririyar taya shima ba na hanyoyinmu bane, rami ɗaya mai kyau ya isa ya lanƙwasa shi ko ya kumbura gefen tayar, 16 ko 17 mai taya mai nama shine daidai da mu. Notin ma a kula, aloi na Toyota na asali notinsa mai wosha ne mai lebur, yawancin na kasuwa kuma mai tsini suke so, in ka haɗa wanda ba nasa ba zaka ga kamar ya ɗauru amma a hanya yake kwancewa.

In an gama ɗaurawa kar ka wuce gida, ka wuce wajen alaimen a ranar, don ɗaga gaba yana canza tsayuwar taya kuma cikin 'yan makonni sabuwar taya zata cinye ta gefe ɗaya. Ayi balansin. Iska kuma kar a bi lambar dake jikin taya, wannan iyakar abunda zata iya ɗauka ne, ka buɗe ƙofar direba akwai takarda a manne a jikin ginshiƙin, ita zaka nunawa mai faci, kuma da safe ake aunawa kafin tayar tayi zafi. Kafin ka bar wajen ka sa a karya sitiyari har ƙarshe hagu da dama, gaba da ribas, ka hau da taya ɗaya kan tudu kana saurare, in akwai guga anan zakaji tun mai kayan yana tsaye. Bayan kayi tafiyar kamar kilomita 100 ka koma a sake bin notin tayoyin ɗaya bayan ɗaya harda na sifesan.