Yadda Ake Fita Kamun Kifin Kurofi da Ɗan Jagora a Tafkin Grenada

A arewacin jihar Misisifi ta Amurka akwai wani kifi da ke sa magidanta su ɗauki hutun aiki, su kwana a hanya, su biya kuɗi masu kauri don kawai su wuni cikin jirgin ruwa suna zura wa bakin sanda ido. A rubuce sunansa crappie, mutanen yankin kuma suna furta shi kamar "kurofi", haka ni ma zan riƙa kiransa. In ka san karfasa, ka kusa saninsa. Faffaɗa ne, mai ruwan azurfa da ɗigo-ɗigon baƙi, tsokarsa fara fat, ba ta da ƙarni sosai. Wanda ya kai laba 2 babba ne. Wanda ya kai laba 3, wato kilo ɗaya da ɗoriya, shi ake ɗagawa a yi hoto da shi.

Kana iya zuwa kai kaɗai ka tsaya a bakin ruwa da fatsarka, ba wanda zai hana ka in kana da lasisi. Amma tafkin Grenada ya kai kusan eka 35,000, ruwansa a gurɓace kamar kunu, ƙarƙashinsa cike da kututture. Kifin yana nan jingim, sai dai sanin inda yake yau da kuma zurfin da ya tsaya shi ne aikin. Wannan sanin kake saye idan ka ɗauki jagora. Jirgin da sandunan duk ƙari ne.

Fara da zaɓen tafki da wata

Manyan tafkuna huɗu ne a jere a wannan yanki: Arkabutla, Sardis, Enid da Grenada. Dukkansu madatsun ruwa ne da sashen injiniyoyi na sojan Amurka ya gina don tare ambaliya, bayan ɓarnar da kogin Misisifi ya yi a 1927. Ba don kifi aka yi su ba, amma kifi ya ba su suna. Kurofi iri biyu ne, fari da baƙi. A Enid aka kama farin kurofi mai laba 5 da oza 3 a 1957, har yau shi ke riƙe da kambun duniya na farin. Grenada kuwa, wanda aka datse kogin Yalobusha aka yi shi, yana gefen babbar hanyar I-55, tafiyar kamar mil 100 kudu da Memphis. In daga Atlanta ko Houston za ka taso, ka yi shirin kwana a garin.

Wata ya fi tafki muhimmanci. Idan sanyi ya fara ja da baya, ɗumin ruwa ya doshi digiri 60 a ma'aunin Faranhait, kimanin 16 ke nan a namu na Salsiyas, sai kifin ya taso daga zurfi ya nufi gaɓa don yin ƙwai. Mazan ne ke share gurbi a ruwa maras zurfi, jikinsu ya yi duhu, su tsaya gadi. Matan kuma kafin su zubar da ƙwai ne suka fi nauyi. Saboda haka mai neman ƙaton kifi guda ɗaya na hoto, Maris ne watansa. Mai son yawan kamu a kusa da gaɓa ya jira ƙarshen Maris zuwa Afrilu. Illar waɗannan watanni biyu ita ce iska da cunkoso, kuma jagororin kirki tun watanni kafin nan ake cike musu ranaku. Ni dai Oktoba ta fi kwanta mini: ba rana mai ƙuna, ba jerin gwanon jirage a mashiga, kifin kuma yana cin abinci haiƙan kafin hunturu.

Sai neman jagora, kuma a nan ake yin kuskure

Yawancinsu a Facebook za ka same su, kowa da hotunan kifi shimfiɗe a kan tebur. Kada hoto ya ruɗe ka, kowa ranar sa'arsa yake nunawa. Ka buga waya ku yi magana baki da baki, matambayi ba ya ɓata.

Tambayar farko: da wace dabara yake kamu? Amsar ita za ta nuna maka irin wunin da za ka yi. Akwai tsohuwar hanya wadda ake jera dogayen sanduna masu ƙafa 14 zuwa 16 a goshin jirgi, a baje su kamar ƙafafun gizo-gizo, kowace da ƙaramin kifi mai rai a ƙugiya da dalma mai riƙe zaren a tsaye. Jirgi na tafiya a hankali kamar ba ya motsi, ku kuna zaune a kujeru biyu kafaɗa da kafaɗa kuna kallon bakunan sanduna. Wannan ta dace da dattijo, da yaro, da wanda ya zo don hira da shan iska.

Sai kuma sabuwar hanya. A 2018 kamfanin Garmin ya fito da na'urar LiveScope, wadda ke nuna abin da ke motsi a ƙarƙashin ruwa nan take a kan allo. Jagora na tuƙa ƙaramin injin lantarki da ƙafarsa, idonsa a kan allon, yana bin kifi ɗaya tak da ya zaɓa saboda girmansa. Kai kuma sanda ɗaya ce a hannunka, kana bin umarni. Ta fi kama manya, ba musu. Amma mutum ɗaya ke kamu a lokaci guda, sauran suna jiran layi, kuma in ba ka yi dace da mai haƙuri ba, za ka wuni ana yi maka tsawa kamar ɗan koyon tuƙi. In ku uku ne, ku tambaya tun farko yadda za a raba lokacin.

Sauran tambayoyin gajeru ne. Awa nawa ne, rabin wuni ko cikakke? Kuɗin na jirgi ne ko na kowane kai? Shi zai kawo sanduna da abincin ƙugiya, kuma zai gyara kifin bayan an fito? Galibi amsar e ce, amma ka ji daga bakinsa. Kuɗin wuni ɗaya ɗaruruwan daloli ne, kuma za a nemi kafin alƙalami. Kafin ka tura, ka tambayi abin da zai faru da shi idan iska ta hana fita. Grenada fili ne fetal, ba zurfi sosai, iskar Maris na tayar da igiyar ruwa mai ban tsoro. Jagoran da ya ce maka yau ba fita, ya san abin da yake yi.

Lasisi da doka

Kuɗin jagora bai haɗa da lasisi ba. Duk baƙon da ya kai shekara 16 sai ya sayi nasa daga hukumar namun daji da kifi da gandaye ta jihar Misisifi. Ana saye ta intanet cikin 'yan mintoci, akwai na gajeren lokaci don masu ziyara. Ka saya tun da dare, ka ajiye hotonsa a waya.

Wanda ya taso yana ganin masunta na jan taru su kwashe babba da yaro zai yi mamakin tsaurin dokar nan. A Grenada duk kurofin da bai wuce inci 12 ba, komawa ruwa zai yi. A 2024 kuma an rage adadin da mutum ɗaya zai tafi da shi a rana daga 15 zuwa 10, saboda fargabar yadda sababbin na'urorin nan suka sauƙaƙa kamu. Adadin yakan sauya, don haka ka duba na shekarar da za ka je. Jami'an tsaron daji suna zagayawa da jirginsu, suna buɗe ma'ajiyar kifi su ƙirga su auna, kuma "ban sani ba" ba ta fid da kowa.

Daren tafiya

Kaya kaɗan ne. Rigar sanyi mai tare iska, ko da an ce gobe za a yi zafi, domin gudun jirgi da sassafe a kan ruwa yana shiga har ƙashi. Hula, tabarau mai kashe ƙyallin ruwa, takalmi mai taushin ƙasa, ruwan sha da ɗan abin taɓawa. Babbar kula da ƙanƙara ka bar ta a mota don dawowa. Ana haɗuwa a mashigar jirage da hudowar alfijir, saboda haka ka duba lokacin asuba na garin, ka yi sallarka a masauki ko a gefen mota kafin a tura jirgi. In cikakken wuni ne, ka gaya wa jagoran tun da safe cewa da rana za ka so a raɓa gaɓa na minti goma. Ban taɓa ganin wanda ya ɓata rai a kan haka ba. Rigar ceto tana cikin jirgi, ka sa ta duk lokacin da babban inji ke gudu, ko da ka iya iyo.

A kan ruwa

Abu biyu za ka riƙe, sauran duk jagora zai yi.

Na ɗaya, kurofi sama yake kallo. Idanunsa a can saman kai suke, abin da ke bisansa yake tasowa ya kama, abin da ya faɗa ƙarƙashinsa kuwa kamar babu shi. In jagora ya ce kifin na ƙafa 8, to ƙugiyarka ta tsaya a ƙafa 7. Taƙi ɗaya ya isa ya raba wanda ke kamu da wanda ke kallo, alhali kujerarsu ɗaya. Kada kuma ka riƙa kaɗa sanda kana rawa da abincin. Ka sauke shi a hankali, ka tsayar cak. Idan a allo ka ga kifin ya juyo ya fara tasowa, sai ka ɗan ɗaga kaɗan-kaɗan kamar abin na neman tserewa. Wani lokaci za ka ji "tuf" guda ɗaya a hannunka. Wani lokaci ba za ka ji komai ba, sai dai ka ga zare ya saki ya yi laushi, domin kifin ya ɗauki abincin ya taso da shi. Wannan ma cizo ne, kuma shi sababbin shiga suka fi rasawa.

Na biyu, bakinsa. Fatar gefen bakin kurofi siririya ce kamar takarda, har laƙabi Amurkawa suka yi masa da haka. Fitata ta farko tare da kawuna muka je, wanda ya zo ganin jikoki, mutumin da ya yi ƙuruciyarsa yana fizgar tarwaɗa a kududdufi. Wajen hantsi sandarsa ta lanƙwashe. Ya miƙe tsaye ya fizga da hannu biyu. Muka ga kifin ya taso, fari, faffaɗa kamar faranti, ya juya sau ɗaya a saman ruwa, sai ƙugiya ta dawo fayau ta wuce kan hular jagora. Da muka duba, ɗan guntun fatar leɓe ne kawai maƙale a jikinta. Jagoran bai ce uffan ba, ya sa wani kifin a ƙugiyar.

Na ce, "Kawu, garaje fa ba ƙarfi ba ne. Wannan ba tarwaɗa ba ce."

Ya harare ni ya ce, "Kai yaro, ina kamun kifi ba a haifi babarka ba."

Amma na gaba da ya zo, da wuyan hannu kawai ya ɗaga, kuma ya shigo.

Yadda ake yi ke nan: ɗagawa ɗaya mai kaifi da wuyan hannu, sannan ka riƙe zaren a miƙe, kada ya saki ko na ƙiftawar ido, domin ramin da ƙugiya ta huda yana faɗaɗa, da zare ya yi sako-sako za ta zame. Ka jawo shi a saman ruwa zuwa gefen jirgi. Ƙarami kana iya ɗago shi da sanda. Babba kuwa kada ka kuskura, nauyinsa kaɗai zai yage bakin. Ka jira jagora ya zura komarsa mai dogon mariƙi ta ƙarƙashinsa.

Da ya shigo za a kwantar da shi a kan ma'auni, baki a rufe. In kana son sanin wane iri ka kama, ƙirga ƙayoyin bayansa: 5 ko 6 fari ne, 7 ko 8 baƙi ne. Launi yana ruɗi, musamman lokacin ƙwai da namijin farin ke rinewa. A ruwan Grenada farin ya fi yawa, shi ne mai jure gurɓataccen ruwa. Wanda za a mayar, ka jiƙa hannunka kafin ka taɓa shi, ka sake shi da wuri.

Bayan an fito

A bakin ruwa jagora zai fere tsokar da wuƙar lantarki, gefe biyu, ba ƙaya ba fata, ya zuba maka a leda. In kai mai son kifinka da kai da ƙashi ne don miya ko gashi, ka faɗa kafin ya kunna wuƙar, domin cikin 'yan mintoci zai gama da goman. Ni nakan ce a bar mini uku, a cire ciki kawai.

Sai tukwici. A Amurka ba alfarma ba ce, al'ada ce da ake sa rai da ita: kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na kuɗin tafiyar, a hannu, ko an cika adadi ko ba a cika ba, muddin mutumin ya yi aikinsa. In ya yi maka, ka kama ranar baɗi tun a wurin.

Ledar ta shiga ƙanƙara nan take. Mutanen yankin suna birkiɗa tsokar a garin masara da gishiri da barkono su soya a mai mai zafi. In gidan abinci za ka kai a soya maka, ka tambayi irin man, domin a yankin akwai masu girki da kitsen alade. A gida kuwa ka zuba yajin ƙuli a cikin garin masarar, suyar minti uku zuwa huɗu ta isa, tsokar ba ta da kauri. Waɗanda aka bari da ƙashi ka tsattsaga su, ka shafa attaruhu da citta da tafarnuwa, su sha rabin awa kafin su hau wuta.