Yadda Ake Ceto Manhajar Ciki da Takardun Tsofaffin Na'urorin Gwaji

A hannun masu gyaran lantarki na Sabon Gari, har ma cikin kayan 'yan gwangwan, akan ci karo da na'urorin gwaji na shekarun 1980, irin su Fluke 9010A wadda ake gano cutar allon kwamfuta da ita. Duk wanda ya samu irinta, kada ya fara da gyara. Ya fara da kwafe manhajar da kamfani ya dasa a cikinta, domin sauran kayan ana samun madadinsu a kasuwa, amma ita idan ta goge, sai fa in wani ya taɓa kwafe ta.

Manhajar tana zaune ne a cikin aisi (IC, wato ɗan ƙaramin ɓangaren lantarki mai ƙafafu da ke kan allo) da ake kira EPROM, wanda kamfanin Intel ya fara fitarwa a 1971. Za ka gane shi da ƙaramar tagar gilashi a bayansa, wadda aka liƙe da takarda, da lambobi irin su 2716, 2732 ko 2764. Kada ka ɓare takardar nan, saboda hasken da ke goge shi yana cikin hasken rana. Ko ba a taɓa shi ba, cajin da ke riƙe da bayanan yana tsiyayewa a hankali, kuma na'urar da ta kai shekara 40 ta daɗe da wuce wa'adin da aka yi mata tsammani.

Kafin ka ciro komai, ka ɗauki hoton allon yadda lambar kowane aisi da inda tsaginsa ya fuskanta za su fito sosai. Idan lokacin hunturu ne, a yi hattara ƙwarai, domin bushewar iskar Kano tana tara lantarki a jikin mutum, kuma tartsatsin da ba ka ma ji ba ya isa ya kashe aisi. Ka ɗaura abin hannu mai wayar da ke sauke caji ƙasa. Ka ɗaga aisin daga soket kaɗan-kaɗan, wannan gefe sannan wancan, don kada ƙafafunsa su lanƙwashe.

Na'urar karatu irin TL866 ta wadatar ga yawancinsu. Ka zaɓi ainihin lambar aisin, domin 2532 da 2732 ba su da tsarin ƙafafu ɗaya duk da kamanninsu, sannan ka danna karantawa kawai, ba rubutawa ba. Ka karanta sau uku, kana cirewa kana mayarwa, ka kwatanta lambar tantancewa ta SHA-256, wadda kwamfuta ke lissafowa daga kowane fayil. Idan ta bambanta, ko fayil ya fito FF zalla, wato kamar babu komai a ciki, yawanci datti ne a ƙafafun. Sunan fayil ya ƙunshi samfurin na'urar, matsayin aisin a kan allo, da rubutun da ke jikin takardarsa.

Abin da ya fi damuna shi ne bayanan daidaita awo. A wasu na'urorin osiloskof (masu nuna siginar lantarki a fuska) na Tektronix 2465B suna cikin aisin Dallas DS1225 mai batir a cikinsa, a mitar HP 3478A kuwa batirin litiyam ne ke riƙe da su, kuma cire shi ba tare da wata wuta tana riƙe da ma'ajiyar ba yana share su nan take. Waɗannan bayanai na kowace na'ura daban ne, ba a aro daga wata.

Littafin gyara kuwa gara da laimar damina ne abokan gabarsa. Ka yi masa sikanin a 600 dpi, musamman dogayen shafukan zanen da'ira masu naɗi, har da gyaran da wani injiniya ya rubuta da biro a gefe. Ka ajiye kwafi a wurare biyu daban, sannan ka ɗora ɗaya a rumbun intanet na Internet Archive ko ka aika wa Bitsavers, masu adana takardu da manhajojin tsofaffin na'urori, tare da hotunan allon da lambobin tantancewar.