Shawara ga iyayen da 'ya'yansu ke koyon Faransanci

Assalamu alaikum 'yan uwa. Darasin Faransanci sau biyu a mako a makaranta ba ya isa, yaro ya haddace don jarrabawa, ya manta kafin hutu. Ga abin da nake yi a gida: na rubuta sunan ƙofa, tukunya, randa da buta a 'yar takarda da Faransanci, na manna a jikinsu. Da yamma mu saurari labaran RFI Hausa, sannan mu kunna na Faransanci, tunda yaron ya riga ya san zancen, sai kalmomin su riƙa zama.

Kada ku hana shi Hausa a gida, ita ce tushen da zai ɗora sabon harshe. Mu da ke Jibiya, kusa da Maradi ta Nijar, wallahi Faransanci jari ne gare shi.